Safiyoyin Yaya Habsu

Bana azumi ya sake faɗowa a bakin bazara, daidai inda na fara saninsa a garin nan. Malamai sun ce shekara talatin da uku yake yi kafin ya zagayo mazauninsa. Ni ban nemi lissafinsu ba, tafin ƙafata ne ya gaya mini ranar da na taka simintin tsakar gida ba takalmi da azahar. Zafin Arlit ba irin na Damagaram ba ne. Can gumi kake yi. Nan kuwa kafin gumin ya fito iska ta lashe shi, sai ka ga gishiri fari a wuyan rigarka.

Ranar biyar ga wata Nana ta zo taya ni dama kunu. Nana ɗiyar yayata ce, marigayiya Yaya Habsu, tana aiki a gidan likita wajen awon jini. Tana tace gasara ta ce, "Inna, kin san abin da na karanta? Wai masu bincike sun lura ciwon da ya ɗauke Mama yana da lokutansa. Ƙwayoyinsa sun fi ɓallewa su bi jini sa'ad da mai ciwon take barci. Jinin da aka ɗiba da asuba ba ɗaya yake da na hantsi ba."

Na ce, "Sannunsu da aiki. Uwarki ta riga su sani, ko ƙofar lakwal, makarantar boko, kuwa ba ta taɓa takawa ba."

Ta yi dariya ta ce, "Ba zafin ciwon suke nufi ba, Inna, ƙwayoyin ne. Abu biyu ne daban."

Na ce to, ita ce ta yi karatu. Amma ludayin ya tsaya a hannuna, har kunun ya yi gudaji ban sani ba.

Ina da shekara goma sha tara aka aiko Damagaram cewa in zo jinya. Ni ce auta a ɗakinmu, uwarmu ta rasu ban iya tafiya ba, Yaya Habsu ce ta goye ni har zanenta ya ƙoƙe. Kwana biyu muka yi a mota ta Agadas, na sauka Akokan, unguwar ma'aikata a gefen Arlit, ƙafafuna sun kumbura. Na tarar da ita a kwance. Sankarar mama ce. An kai ta Yamai an cire nonon hagu, ta dawo ta yi wata bakwai kamar ta warke, sannan ciwon ya ɓullo ta baya da ƙugu. Likita ya yi iyakar yinsa, ya ba da ƙwayoyi da allurar yamma, ya kira mijinta Malam Haruna gefe ya yi masa magana a hankali. Babu wanda ya faɗa mini abin da aka ce, babu kuma wanda bai gane ba.

Gidajen ma'aikatan rami layi ne dogo, ɗaki biyu biyu, katanga ɗaya ke raba ka da maƙwabci. Maza suna shiga ƙarƙashin ƙasa haƙar ƙarfen uraniyum kashi uku, na safe da na yamma da na dare. Matan layin kuwa suna da dokarsu wadda ba kamfani ne ya kafa ba. In mutum ya sauko daga aikin dare, matarsa za ta ɗauki bot ɗinsa, dogayen takalman nan na roba, ta kifa su a kan katanga bakin ƙofa. Wanda duk ya ga bot a kife ya san mai gida na barci har azahar. Ba a sallama da ƙarfi, ba a kunna rediyo, masu talla su wuce bakinsu alaikum. Turmi kuma mirgina shi ake yi zuwa gida na uku ko na huɗu, inda mijin yake aikin rana, can ake daka. Ba ƙaƙale ba ne. Kowace mace a layin ta san mai gyangyaɗi a rami ba kullum yake fitowa da ƙafarsa ba.

Yaya Habsu ita ce alƙaliyar wannan doka. An ba ni labarin ta taɓa kama zakaran maƙwabta ta kife shi da kwando tun bakwai har azahar saboda ya yi cara a kan katangar wani ɗan aikin dare, wanda ba ma mijinta ba ne.

Da azumi ya matso, Malam Haruna ya roƙi abokan aikinsa suka yi musanya, ya karɓi aikin dare na watan gaba ɗaya. Nufinsa ya riƙa wuni a gida kusa da ita. Kowa ya yaba masa, har da ni.

Ga yadda kwanakin suka riƙa tafiya. Wajen bakwai na safe kar, motar da ke kwasar ma'aikata, za ta ajiye shi a bakin layi. Ya shigo idanunsa jajawur, ya tsaya ƙofar ɗakin Yaya ya kasa kunne. Ita kuwa tana jin takunsa sai ta rufe ido ta yi lamo. Ya wuce ɗaya ɗakin ya zube. In kifa bot a katanga, in mirgina turmi zuwa gidan Hajo, wata ƴar Tawa mai faɗa da kirki, in bar mata gero ta fara surfe, in dawo.

To a nan ne Yaya Habsu take dawowa duniya.

Tun daga fitowar rana har hantsi ya dubi ludayi, ciwon sakinta yake yi. Sai ta ce in tashe ta zaune, in jingina ta da bango kafin bangon ya ɗau zafi. In ba ta koko ludayi uku ko huɗu, ni ina azumi ita an ɗauke mata, abin da ya sa ta kuka ranar farko. Ta wanke fuska, ta sa kwalli, ta ɗaura kallabi. Ta jawo Nana, lokacin shekararta biyar, ta tsefe mata kai ta yi mata kitso layi ɗaya ko biyu, gobe a ƙarasa. Duk cikin raɗa muke yi. Ko dariya ta taso mata sai ta cusa gefen zane a baki. Ta ba ni labarin uwarmu, yadda take karkace ɗauri, yadda take zagin akuya da sunan surukarta. Ta koya mini miyar kuka irin wadda ba ta tsinkewa. Ta yi mini faɗan yadda nake shara kamar mai jin haushin ƙasa.

Wata safiya ta ce, "Auta, wannan ciwon ɗan aikin dare ne. Shi da Malam kar ɗaya suke shiga. La'asar ya fara shiri, magariba ya sa takalmi, ya kwana yana haƙa. Gari na wayewa ya sauko ya kwanta."

Haka kuwa yake. Da walaha ƙarfinta zai fara zubewa. Kafin azahar zafi ya rufe garin, kwanon rufi yana ƙara, ruwan famfo ya fito kamar an sauke shi daga wuta. In jiƙa zane in lulluɓe ta, kafin in juya ya bushe ƙayau. Sai ta shiga wani barci mai nauyi wanda ba hutu a cikinsa. Daidai nan Malam Haruna yake tashi. Ya yi alwala, ya zo ya zauna bakin gadonta da carbi, yana kallon mace baki a buɗe, ba ta san ma yana wurin ba.

La'asar layin yake rayuwa. Tabarya ta ko'ina, hayaƙi, ƙamshin tsamiya. Masu firigo suna fasa ƙanƙara suna aika wa waɗanda ba su da shi, don a garin nan ko ɗan tumatir sai mota ta kawo, ba mai cin abu shi kaɗai. Wata Buzuwa daga wajen Dannet takan kawo cuku da dabino, ta ajiye wa Yaya nata ko an ce ba ta iya taunawa. Leɓunana sun tsage, in na sunkuya hura wuta sai in ga duhu. Kuma daidai lokacin da kowa yake ƙirga sauran rana, lokacin ne ciwon yake sa takalminsa. Zazzaɓi ya hau, ƙugu ya kama. Maƙwabta su shigo dubiya bayan shan ruwa, su tarar da ita tana cije leɓe, su yi addu'a su fita suna girgiza kai. Malam Haruna ya matso ya ce, "Habsu, sannu." Sai ta juya fuska bango. Bayan isha'i ya ɗauki gamel, kwanon sahur ɗinsa, ya fita ya hau kar.

Kullum da azahar, in ya tashi, sai ya same ni bakin famfo ya tambaya, "Auta, yaya ta tashi yau? Ta yi magana?"

Ni kuwa in ce, "Da sauƙi. Tana nan dai yadda ka sani."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bari in faɗa tunda na tsufa. Ba don dokar bot kaɗai nake ba shi wannan amsa ba. Safiyoyin nan nawa ne. Tun da ta yi aure ta taho arewa ban sake samunta ni kaɗai ba, sai ga ta an ba ni, awa uku kullum, da kwallinta da bakinta. Na san in ya ji, zai shigo ya zauna, ni kuwa in koma tsakar gida wajen wanke-wanke. Ina ganin mutumin yana ramewa, rigarsa tana yi masa yawa, na yi kunnen uwar shegu. Kwana goma sha bakwai ina ba shi amsa ɗaya.

Ranar sha bakwai, ana saura kaɗan a kira magariba, ina jera kofuna a tabarma, ya tsuguna kusa da ni. Mutum ne mai tsokana, tun ina ƙarama yake ce mini amaryarsa, amma ranar ba wasa a fuskarsa.

Ya ce, "Auta, ba ta yafe mini ba."

Na ce, "Yafe me, Malam?"

Ya ce, "Ni na sa hannu a Yamai aka yanke ta. Na ce mata za ta warke. Ga shi an raba ta da jikinta a banza. Tun da azumi ya kama ba ta dubi idona ba. In ta tafi a haka, ni ina zan sa kaina?"

Aka kira salla. Na ga ya ɗauki dabino ya riƙe, har aka idar da kiran bai kai shi baki ba.

Washegari da na tashe ta zaune na gaya mata duka. Hawaye ya wanke kwallin da ta gama sawa. Ta ce, "Wawan mutum. Ni fa na ce a yanke. Bango nake juyawa don kada ya shiga rami da fuskata a haka cikin ransa. Mai aiki da dutse a kansa ba ya son tunani biyu."

Na ce, "To bari in tashe shi ki faɗa masa da bakinki."

Ta damƙe hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba. "Kada ki kuskura. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa tashinsa ba. Kina so a fito mini da shi a makara, ni ina kwance?"

Na ce to da yamma ta faɗa masa. Ta ce da yamma ba ita ce a jikin ba. Gaskiya ta faɗa, da yamma ko sunana ba ta iya haɗawa.

Ranar na wuni ba na gane gabana. Na zuba gishiri a kunu. Na rasa wanda zan ji wa tsoro, ramin ko kabarin.

Safiyar sha tara ya shigo, ya kasa kunne, ya wuce ya kwanta. Na kifa bot a katanga kamar kullum. Na tashi Yaya zaune, na ba ta koko, na jira ta sa kwalli, na ajiye mata Nana a gaba. Na fito na kama turmi zan mirgina, sai na tsaya. Na miƙe shi tsaye a tsakiyar gida, daidai tagar Malam Haruna. Na zuba gero, na yayyafa ruwa, na yi bisimilla, na ɗaga tabarya.

Ban taɓa jin daka mai ƙara irin wannan ba. Layin ya yi tsit, sai dukan tabarya yana dawowa daga bangon gidaje. A na biyar Hajo ta leƙo ta kan katanga, ɗankwali a hannu.

"Ke ɗiyar ga! Mi kinka sha? Ba ki ga bot ba? Mutumin ga hwa daga rami ya hito, shina kwana!"

Ban kula ta ba, na ƙara da luguden da na iya. Ƙofa ta buɗe da ƙarfi, Malam Haruna ya fito daga shi sai wando, ido kamar garwashi. Ya buɗe baki zai yi magana, sai wata murya ta riga shi daga cikin ɗaki.

"Auta! Don ubanki ajiye tabaryar nan! Ni za ki kunyata a layi? Wallahi in na taso sai na karya ta a bayanki!"

Murya ce cikakkiya, irin wadda ta kife zakara da kwando. Hajo ta dafe ƙirji ta ce, "La ilaha, Habsu ta!" Shi kuwa Malam Haruna ya sandare a tsaye. Ya dube ni, ya dubi labulen. Ya tafi a hankali kamar mai tsoron kada abin ya tashi, ya ɗaga.

Tana zaune, kallabi a karkace, kwalli raɗau, mataji a hannu, kan Nana a cinyarta. Suka kalli juna. Ni ina bakin ƙofa da tabarya, ban san in shiga ko in gudu ba.

Ya ce, "Habsu. Ke ce?"

Ta ce, "A'a, kakarka ce. Malam, je ka kwanta don Allah, yarinyar nan ba ta da hankali."

Ya ce, "Kullum haka kike da safe?"

Ta sunkuyar da kai.

Ya zauna a ƙasa dirshan, a gaban gadon, babban mutum mai gemu, ya kifa kansa a gefen katifa. Na ji ta ce, "Kai ka sa hannu, amma wa ya ce maka ka sa? Ka manta a gaban likita na ce ko ka sa ko in dangwala da kaina? Tashi, kana ba yarinya tsoro." Na saki labulen na koma tsakar gida. Geron nan sai Hajo ce ta zagayo ta ƙarasa shi, tana daka tana sharar hawaye tana zagina.

Tsoron Yaya ba na banza ba ne, dole mutumin ya yi barci. Matan layin ne suka warware. Kafin azahar Hajo ta bi gida gida, aka mayar da dokar baya saboda gida ɗaya. Daga ranar, Malam Haruna yana sauka daga kar sai ɗakin matarsa, su yi hira har ƙarfinta ya fara zubewa, sannan ya kwanta. Ni kuwa sai walaha nake kifa bot, ba a ɗauke su sai bayan la'asar. Wanda ya san la'asar ɗin azumi ya san abin da aka roƙi matan nan. Gida uku dama, gida uku hagu, suka koma yin dakansu da safe, abin da ya rage su mirgina turmi har ƙarshen layi cikin ranar nan mai narka kwalta, bakinsu a bushe. Ban ji wadda ta yi tsaki ba. Yaya dai ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana sai ta bakin Nana.

Ina jin su ta taga ina wanke-wanke. Yanzu ba raɗa. Suna musu a kan wace shekara suka sayi rediyo. Tana gaya masa wanda zai riƙe Nana da wanda ba ta yarda ya riƙe ta ba, kuma lallai a sa ta lakwal. Wata rana na ji yana rera mata wani abu da muryarsa mai kama da ta jaki, tana cewa ya rufa mata asiri. Na ji kishi, ba zan ɓoye ba. Na kuma ji daɗin da ban taɓa ji ba. Da yamma kuwa ta daina juya masa baya. Takan bar masa hannunta ya riƙe har kar ta yi oda.

Ta ga salla. Muka sa mata atamfa sabuwa da lalle a yatsu, ta karɓi barka da salla da safe, don yanzu duk layin ya san lokacinta. Kwana tara bayan salla, da hantsi, ta ce a kwantar da ita ta gaji. Yana riƙe da kanta ta cika.

Yanzu an rufe ramin Akokan, kar ba ta zuwa, rabin layin ya watse. Ba mai kifa bot, ƴan matan yanzu ma inji suke kai gero. Ni aure ya riƙe ni a Arlit. Turmin yana wurina, shi Malam Haruna ya ce a ba ni ranar rabon kayanta. Ya tsufa, gemun ya yi fari fat, yana zaune a gidan Nana. Tun daga shekarar nan bai sake iya barcin safe ba, ko yana hutu.

Maganar Nana ta hana ni sukuni, sai washegari da safe na ɗauki mayafi na tafi. Na same shi a zaure kan buzu yana jan carbi.

Ya ce, "A'a, amaryata. Yau kuma wa za a tasa?"

Na zauna nesa kaɗan. Na ce, "Malam, akwai abin da na riƙe shekara talatin da uku. Azumin da Yaya ta yi jinya, kullum kana tambayata ko ta yi magana, ina ce maka tana nan yadda ka sani. Ƙarya nake yi. Tun ranar farko take tashi. Ba don barcinka na ɓoye ba, so nake in same ta ni kaɗai. Safiya goma sha bakwai na cinye maka. Ka yafe mini."

Ya ci gaba da jan carbinsa har na zaci bai ji ba, don kunnen ya yi nauyi. Sannan ya ce, "Na sani."

Na ce, "Ka sani?"

"Famfon nan a gindin tagarta yake, Auta. Ba kullum take barci da azahar ba, tana jin amsar da kike ba ni. Ita ta faɗa mini, tun kafin salla. Na tashi zan zo in same ki, ta riƙe mini riga."

Na ce, "Me ta ce?"

Ya ajiye carbin a kan buzu, ya dube ni.

"Ta ce, ƙyale ta, Malam. Kai mata za ka rasa. Ita uwa za ta rasa, karo na biyu."